Cin Gashin Kan Ƙananan Hukumomi: Me Kotun Ƙoli Ta Yanke, Me Ya Rage A Hannun Gwamna?

Tun ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan kuɗin ƙananan hukumomi, tambaya ɗaya ce ke yawo a majalisun hira daga Ƙofar Soro zuwa Funtuwa, daga Daura zuwa Dutsin-ma. Idan har an ba ƙananan hukumomi 'yancin cin gashin kansu kamar yadda aka ji a rediyo, me ya sa mutumin Baure ko na Sabuwa bai ga wani canji na a zo a gani ba a makarantar firamaren garinsu, ko a asibitin sha-ka-tafi, ko a kwalbatin da ruwa ya cinye tun bara waccan? Wasu na cewa gwamnoni ne suka yi kunnen uwar shegu da hukuncin, wasu na cewa gwamnatin tarayya ce ke jan ƙafa, wasu kuma suna ganin tun farko maganar ba ta wuce siyasa ba. Kowane zance daga cikin waɗannan yana da ƙamshin gaskiya, sai dai dukansu sun ɗora wa hukuncin kayan da bai ɗauka ba.

Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Idan aka ce cin gashin kai, yawancin mutane kuɗi suke nufi, wato kason da ƙaramar hukuma ke da shi a asusun tarayya ya shiga hannunta kai tsaye ba tare da ya biya ta gidan gwamnati ba. Wannan kashi ɗaya ne daga cikin uku. Na biyu shi ne ikon gudanarwa: wa ke ɗaukar ma'aikacin ƙaramar hukuma, wa ke yi masa ƙarin girma ko canjin wurin aiki, wa ke amincewa da kasafin kuɗinta, kuma har zuwa nawa ciyaman zai iya kashewa kafin ya nemi izini daga ma'aikatar ƙananan hukumomi da masarautu. Na uku, wanda a ganina shi ne uwa ma ba da mama, shi ne yadda ciyaman da kansiloli ke hawa kujera da yadda ake sauke su.

Hukuncin 2024 ya yi magana sosai a kan na farko, ya taɓa wani ɓangare na na uku, na biyu kuwa ya bar shi a inda ya same shi. Wanda ya riƙe wannan rabe-raben zai gane me ya sa ake iya cewa an samu 'yanci, a kuma ce ba a samu ba, kuma kowa ya kawo hujja.

Daga baitulmalin En'e zuwa kason Abuja

Bakatsine bai kamata ya ɗauki maganar ƙaramar hukuma mai riƙe kuɗinta a matsayin baƙon abu ba, domin a Katsina aka fara kafa baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki a zamanin Turawa, a Arewa, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944. En'e tana tara haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwa, ta ba gwamnati nata kason, ta riƙe sauran, kuma da shi take biyan malamai da alƙalai da 'yan doka, ta gina makarantu da ɗakunan shan magani, ta gyara hanyoyi. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma En'e tana da nata zaluncin da dattawa ba su manta ba, tun daga aikin tilas har zuwa dukan wanda ya kasa biyan haraji, abin da 'yan NEPU suka sha ɗauri a kan yaƙarsa. Amma akwai wani abu guda da ya kamata a lura da shi: kuɗin daga aljihun mutanen ƙasar yake fitowa, saboda haka kowa ya san abin da ya bayar.

A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Sai kuma babban garambawul na 1976, a mulkin Janar Obasanjo, wanda ya kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, ya mai da sarakuna masu ba da shawara, ya kuma tanadi cewa ƙananan hukumomi su riƙa samun kaso daga tarayya. Wanda ya gabatar da kundin wannan garambawul ɗan Katsina ne, Shehu Musa 'Yar'aduwa, na biyu a gwamnatin lokacin, kuma kukan da ya yi a gabatarwar shi ne cewa gwamnatocin jihohi sun daɗe suna zaftare ikon ƙananan hukumomi suna shiga gonarsu. Kusan shekara hamsin ke nan, kukan bai canja ba.

Bayan haka abubuwa biyu suka faru da suka sauya dangantakar talaka da ƙaramar hukumarsa. Gwamnatin Balarabe Musa ta tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa 23 ga Satumban 1987, ta soke haraji da jangali, talakawa kuma suka yi murna, kuma suna da dalilin murna. Sannan yawan ƙananan hukumomi ya yi ta ƙaruwa, daga 301 zuwa 589 a 1991, zuwa 774 a 1996, inda Katsina ta tashi da 34, babu jihar da ta fi ta sai Kano mai 44. Da yawa daga cikin sababbin ba su da wata kasuwa ko tasha da za ta iya ɗaukar ko da albashin masinjojinsu. Ta haka ƙaramar hukuma ta koma mai jiran ƙarshen wata, idonta na kan Abuja da gidan gwamnati, talaka kuma ya koma kallon kuɗinta a matsayin kuɗin gwamnati, wato kuɗin da ba na kowa ba.

Yadda asusun haɗin gwiwa yake aiki

Kowane wata kwamitin rabon kuɗin tarayya yana zama a Abuja ya raba abin da ya shiga asusun tarayya. Bayan an cire kashi 13 cikin ɗari na jihohi masu arzikin mai, daga kowace naira 100 da ta rage gwamnatin tarayya na ɗaukar naira 52 da kwabo 68, jihohi 36 su raba naira 26 da kwabo 72, ƙananan hukumomi 774 su raba naira 20 da kwabo 60. Daga harajin kayan masarufi na VAT kuma ƙananan hukumomi na da kashi 35 cikin ɗari. Wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, waɗanda suka sa adadin da ake rabawa ya yi tsalle, ko da yake tsadar kaya ta cinye wani ɓangare na ƙarin.

Kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 162, ya ce kowace jiha ta buɗe wani asusu na musamman, asusun haɗin gwiwar jiha da ƙananan hukumomi, wanda za a zuba kason ƙananan hukumominta a ciki, tare da wani kaso daga kuɗin shigar jihar kanta, wanda doka ta sa kashi 10 cikin ɗari. Manufar a rubuce ita ce jiha ta ƙara nata a kan na tarayya sannan a raba. A aikace, a yawancin jihohi, asusun ya zama wurin cirewa. Kafin kuɗi ya kai sakatariyar ƙaramar hukuma ana cire albashin malaman firamare a miƙa wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a cire na ma'aikatan lafiya a matakin farko, a cire kuɗin fansho, a cire kason masarautu, wanda a jihohi da yawa kashi 5 cikin ɗari ne, a cire na horar da ma'aikata, sannan a zo kan abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa.

A kan wannan na ƙarshe ne rigimar take. Albashin malami kowa ya san adadinsa, ko aƙalla ana iya ƙirgawa. Aikin haɗin gwiwa kuwa yana iya zama hanya ko takin zamani ko motocin jami'an tsaro, wanda aka tsara shi a babban birnin jiha, aka ba da kwangilarsa a can, aka cire kuɗinsa daga kason ƙaramar hukumar da wataƙila babu wanda ya tambaye ta ko shi ne buƙatarta. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya fito fili a watan Disamban 2022 ya zargi wasu gwamnoni da cewa sukan ba ciyaman rabin kuɗinsa su sa shi ya sa hannu a kan ya karɓa duka. Gwamnoni da dama sun musanta, wasu suka ce ya kama suna. Tun kafin nan, a 2019, hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi ta NFIU ta fitar da ƙa'idar hana cire tsabar kuɗin da ya haura naira 500,000 a rana daga asusun ƙananan hukumomi, gwamnoni suka garzaya kotu suna ƙalubalantar ta.

Abin da kotu ta faɗa

Antoni-janar na tarayya, Lateef Fagbemi, shi ya kai jihohi 36 ƙara, Mai Shari'a Emmanuel Agim kuma ya karanta babban hukuncin. Kotu ta ce riƙe kuɗin ƙananan hukumomi da jihohi ke yi suna kashewa yadda suka ga dama ya saɓa wa tsarin mulki, kuma tun da biyan kuɗin ta hannun jihohi ya kasa cika manufarsa, a riƙa biyan kowace ƙaramar hukuma kai tsaye daga asusun tarayya. Ta ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi ko kwamitin riƙo, domin sashe na 7 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su mulki ƙananan hukumomi. Ta kuma ce duk inda babu zaɓaɓɓu, kada a saki kuɗin.

Maganar kantomomi ba sabuwa ba ce ga Katsinawa. A 2015 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rushe shugabannin ƙananan hukumomin da aka zaɓa a ƙarshen mulkin Ibrahim Shema, bisa zargin almundahana, shari'a ta yi ta tafiya har zuwa watan Mayun 2021 da Kotun Ƙoli ta ce rushewar haramtacciya ce, a rana ɗaya da ta yanke irin wannan hukunci a kan Jihar Oyo, ta kuma ba da umarnin a biya su haƙƙoƙinsu. A lokacin wa'adinsu ya daɗe da ƙarewa, hukuncin ya zama ihu bayan hari. Sabon abin da 2024 ta kawo shi ne ɗaure maganar zaɓe da maganar kuɗi, ta yadda gwamnan da ya naɗa kantoma zai ji a jikinsa tun a watan farko.

Akwai kuma abin da kotu ba ta yi ba, domin ba ta da ikon yi. Ba ta goge asusun haɗin gwiwa daga kundin tsarin mulki ba, yana nan a rubuce. Ba ta karɓe wa majalisar dokokin jiha ikon yi wa ƙananan hukumomi doka a kan tsarinsu da kuɗinsu da ayyukansu ba, wanda sashe na 7 ɗin nan dai ya ba ta. Ba ta taɓa hukumar zaɓe ta jiha ba. Wasu lauyoyi ma suna ganin kotun ta wuce gona da iri, cewa ta yi wa kundin gyaran fuska da sunan fassara, aikin da na majalisu ne.

Me ya hana abin tafiya?

Da farko gwamnatin tarayya ta ba da wa'adin wata uku domin jihohin da ke da kantomomi su shirya zaɓe, aka kafa kwamiti ƙarƙashin sakataren gwamnatin tarayya George Akume, sannan aka shigo da maganar kowace ƙaramar hukuma ta buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya, da sharuɗɗan da suka haɗa da kawo rahoton binciken kuɗinta na shekarun baya. Sama da shekara guda bayan hukuncin, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE tana nan tana kukan cewa ba a fara biya kai tsaye yadda kotu ta ce ba.

Wasu jihohi kuma suka bi ta ƙofar da hukuncin ya bari a buɗe. A watan Oktoban 2024 Jihar Anambra ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumominta su mayar da wani kaso na abin da suka karɓa zuwa wani asusun bai-ɗaya da jiha ke kula da shi. Ko ba a yi doka ba ma, ciyaman da gwamna ya tsayar takara, ma'ajinsa da daraktan mulkinsa kuma hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ta turo su, ita ce kuma za ta iya ɗauke su gobe, ba ya buƙatar a rubuta masa wasiƙa kafin ya san inda zai kai kuɗi. Manyan ma'aikata daga mataki na 7 zuwa sama a hannun wannan hukuma suke, babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi ma jami'in jiha ne, majalisar dokokin jiha kuma tana iya dakatar da ciyaman da sunan bincike. An canja hanyar da kuɗin zai bi, amma wuƙa da nama suna hannun da suke.

Akwai kuma siyasar Abuja. Shugaban ƙasa yana buƙatar gwamnoni a lokacin zaɓe fiye da yadda yake buƙatar ciyamomi, kuma tarihin wannan rigima yana da ban mamaki. A 2004 Obasanjo ya dakatar da kuɗin ƙananan hukumomin wasu jihohin da suka ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi, cikinsu har da Katsina ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da Legas ta Bola Tinubu. Tinubu ya je Kotun Ƙoli yana kare ikon jiha a kan ƙananan hukumominta, kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da hurumin riƙe kuɗin, amma ba a gama sakin na Legas ba sai da 'Yar'aduwa ya hau mulki a 2007. A 2024 kuma gwamnatin Tinubu ce ta kai jihohi ƙara.

Hujjar gwamnoni da tsoron malamai

Ba daidai ba ne a ɗauka duk mai adawa da biya kai tsaye ɓarawo ne ko yaron gwamna. Hujja mafi ƙarfi a wannan ɓangare ta shafi albashi. Kashi 40 cikin ɗari na rabon da ake yi tsakanin ƙananan hukumomi daidai wa daida ake raba shi, kashi 30 ne kawai ke bin yawan jama'a, sauran kuma ya bi faɗin ƙasa da wasu ma'aunai. Sakamakon haka, ƙaramar hukumar birni mai tarin makarantu da malamai da 'yan fansho, irin Katsina ko Funtuwa, kasonta bai fi na ƙaramar hukumar karkara da gwargwadon yadda nauyinta ya fi ba. A asusun haɗin gwiwa ana haɗa kuɗin a biya kowa albashi, mai rara ya rufa wa mai giɓi asiri. Idan aka raba gari, kowa ya kama gabansa, za a iya samun inda albashi kaɗai zai lashe kason, musamman bayan mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024.

Malaman firamare suna da nasu dalilin na tarihi. A 1991 gwamnatin Babangida, wadda ta gwada biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta damƙa musu ragamar ilimin firamare, sai malamai a sassa da yawa na ƙasar nan suka yi watanni babu albashi, yajin aiki ya rufe makarantu, har aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993. Malamin da ya ga wannan zamani, wanda ya ci bashin masara a wurin mai shago har kunya ta hana shi bin layin, ba zai yi saurin tafa wa cin gashin kai ba. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana cewa ba ta ƙi a ba ƙananan hukumomi 'yanci ba, amma a cire albashin malamai tun daga tushe kada ya shiga hannun ciyaman. Ina ganin wannan buƙata tana kan hanya, kuma ba ta rushe hukuncin kotu, matuƙar adadin da za a cire sananne ne, an tantance sunayen da ke cikin takardar albashi, an kuma fitar da ma'aikatan bogi.

Hujja ta biyu ita ce ta tsarin tarayya: masu ita suna cewa a ƙasashe irin su Amurka ƙananan hukumomi 'ya'yan jihohi ne, kuma idan Abuja ce ke riƙe da famfon kuɗinsu, wata rana shugaban ƙasa zai yi amfani da shi ya karya gwamnan adawa. Rikicin Jihar Osun na 2025, inda aka riƙe kuɗin ƙananan hukumomi watanni saboda jayayyar APC da PDP a kan su wane ne halastattun shugabanni, ya nuna tsoron ba na banza ba ne. Hujja ta uku, cewa ciyamomi ma za su ci kuɗin, gaskiya ce amma ba ta kai ta hana mai haƙƙi haƙƙinsa ba. Bambancin ma shi ne ciyaman ba shi da rigar kariya irin wadda sashe na 308 ya ba gwamna da mataimakinsa, EFCC ko ICPC na iya gurfanar da shi yana kan kujera, kuma gidansa a cikin gari yake, mutane sun san abin da ya mallaka kafin ya hau.

Inda gizo ke saƙar

Da kotu ta ce babu kuɗi sai da zaɓe, jihohi suka yi ta shirya zaɓe, sakamakon kuma kusan iri ɗaya ne ko wace jam'iyya ke mulki. APGA ta lashe duka 21 a Anambra, NNPP ta lashe duka 44 a Kano, a Katsina kuma, a zaɓen watan Fabrairun 2025, APC ta lashe kujerun ciyaman 34 da na kansila 361 baki ɗaya. Mai yiwuwa ne jam'iyya mai mulki ta fi ƙarfi a jiharta, amma da wuya hankali ya ɗauka cewa a ƙasar da ake cin kujerar ɗan majalisar tarayya da ƙyar, a ce babu ko mazaɓa ɗaya da 'yan adawa ke da rinjaye, kuma a ce haka abin yake a kowace jiha. Gwamna ne ke naɗa shugaban hukumar zaɓe ta jiha da kwamishinoninta, majalisar jiha ta tabbatar, daga baitulmalin jiha kuma ake ba ta kuɗin aiki.

Shi ya sa ake ta kiran a miƙa zaɓen ƙananan hukumomi ga INEC. Masu wannan kira suna kafa hujja da Abuja, inda INEC ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi shida, kuma a 2022 APC ta ci uku PDP ta ci uku. Masu adawa suna cewa INEC ɗin ma ba ta gama wanke kanta ba, kuma tara komai a Abuja shi ne ciwon da ake neman magani. Akwai ma wani abin da duka ɓangarorin biyu ba su cika faɗa ba: ko wa ya shirya zaɓen, idan ɗan takarar jam'iyya ta hanyar maslaha yake fitowa, wato a zauna a ɗaki a rubuta suna a ce masu ruwa da tsaki sun amince, to biyayyarsa tana wurin wanda ya rubuta sunan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sauya wannan tsari sai da gyaran kundin tsarin mulki, gyaran kuma sai majalisun dokokin jihohi 24 daga cikin 36 sun amince. A 2022 Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗi, ya je majalisun jihohi ya kasa samun adadin da ake buƙata, saboda haka ba ya cikin gyare-gyaren da Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Waɗanda ake nema su saki ikon su ne ke da ƙuri'ar ƙarshe.

Abin da zai iya canjawa ga mutumin gari

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma duk ƙananan abubuwa ne da rayuwar yau da kullum ta rataya a kansu: kasuwa, tasha, mayanka, maƙabarta, kwashe shara, magudanar ruwa, hanyoyin cikin gari, rajistar haihuwa da mutuwa, sannan sa hannu a ilimin firamare da lafiya da noma. Babu gwamnan da zai zauna a Katsina ya san cewa rijiyar burtsatsen wani ƙauye a Zango ta lalace saboda wani ƙarfe na 'yan dubban nairori, ko cewa rufin aji biyu ya yaye a wata makaranta a Ɗanja. Kansila ya sani, kuma idan akwai kuɗin gyara a sakatariya, aikin mako guda ne. A nan amfanin biya kai tsaye yake, ba a manyan ayyuka ba. Kuɗin da aka kashe a ƙaramar hukuma kuma yana zagayawa a cikinta, birkila da kafinta da mai sayar da siminti na garin su samu.

A ƙananan hukumomin da ke bakin daji, irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume, maganar ta fi nauyi. Ana kiran ciyaman babban jami'in tsaron yankinsa, alhali ba ya iya ba ko kurtun ɗan sanda umarni, amma shi ake bugo wa waya da tsakar dare idan an kawo hari, shi ake nema ya zuba wa motar sintiri mai, ya kai waɗanda aka harba asibiti, ya ciyar da waɗanda suka gudo suka cika makaranta. Kuɗi a hannunsa na iya ceton rai. Sai dai kuɗin tsaro shi ne wanda aka fi kashewa babu rasit, kuma idan ba a sa ido ba, abin da ake zargin ana yi a sama da sunan tsaro zai sauko ƙasa ya rabu gida 34.

Kuɗin shiga na cikin gida ma zai iya zama sabon filin rigima. Kasuwanni irin karar dabbobi ta Mai'aduwa da kasuwar Charanchi da ta hatsi ta Ɗandume suna tara jama'a daga nesa kowane mako, har daga Jamhuriyar Nijar, kuma ana yankar rasit a kan dabba da buhu da mota. Ƙaramar hukumar da albashi ya shaƙe ta za ta waiwayi waɗannan wurare, ƙila ta ƙara kuɗin rumfa da na tasha. Ɗan kasuwa zai ji zafi, amma wanda ya biya da hannunsa ya fi saurin tambayar inda aka kai, kamar yadda kakanninsa suka san abin da suka ba En'e.

Tambayar kuwa tana da hanya. Ofishin akanta-janar na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, da sunanta, duk mai waya yana iya dubawa a intanet. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardunta, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi. Ƙungiyar ci gaban gari a Mashi ko Bakori ko Sandamu tana iya ɗaukar adadin da Abuja ta ce ta ware a wani wata, ta rubuta wa sakatariya tana neman adadin da ya shigo, da abin da aka cire, da sunan wanda ya cire, sannan ta nemi kwafin kasafin kuɗin da kansiloli suka amince da shi. Doka ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa irin wannan takarda, idan ta ƙi kuma mai nema yana da damar zuwa kotu.